Auna Tunanin Kwamfuta a Wurin Masu Koyon Malanta: Shin Aikin da Ya Gudana Ya Isa Shaida?

A ɗauka wata ɗaliba mai koyon aikin malanta ta kai ƙarshen zango, ta miƙa wasan da ta haɗa a Scratch, manhajar koyon shirya kwamfuta ta hanyar manna tubalan umarni. Kyanwa tana bin ɓera a kan allo, duk lokacin da ta taɓa shi maki ya ƙaru, idan lokaci ya cika a ji ƙararrawa. An danna koriyar tuta, wato maɓallin da ke tayar da wasan, komai ya tafi yadda ake so, malamin da ya koyar da ita ya rubuta mata babban maki. Bayan 'yan watanni za ta tsaya a gaban yara 'yan shekara 9, ɗaya daga cikinsu ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, tawa kyanwar ta ƙi motsi." Abin da ya dame ni shi ne ko makin da aka rubuta mata ya gaya mana wani abu game da abin da za ta yi a wannan minti, lokacin da shirin da ke gabanta ba nata ba ne, kuma wanda ya haɗa shi yaro ne da bai iya bayyana inda ya ɓace ba.

Tambayar ta zama ta gaggawa tun da ƙasashe suka fara saukar da darasin shirya kwamfuta zuwa firamare. Estoniya ta ƙaddamar da shirinta na ProgeTiger a 2012. Ingila ta sa darasin kwamfuta cikin tsarin karatunta na ƙasa daga watan Satumba na 2014, inda ake son yaro ɗan shekara 5 zuwa 7 ya san mene ne algoridim, wato jerin matakan warware matsala, ya haɗa ƙaramin shiri, ya kuma gyara kuskurensa. Finland ta biyo baya a 2016. Wanda aka ɗora wa wannan kaya kuwa shi ne malamin firamare, wanda a wurare da yawa shi kaɗai ke koyar da karatu da lissafi da kimiyya a aji guda, kuma galibi bai taɓa karanta ilimin kwamfuta ba. Saboda haka kwalejoji da jami'o'in horar da malamai suka buɗe kwasa-kwasai, yawancinsu gajeru, kuma duk kwas ɗin da aka buɗe dole a ƙarshensa a ba da maki. A nan ne ake yawan ɗaukar ma'aunin da ya fi kusa da hannu, ko da ba don wannan aikin aka ƙera shi ba.

Kafin a auna abu sai an san ko mene ne shi, kuma tun daga nan saɓani ya fara. Seymour Papert, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro harshen shirya kwamfuta na Logo a 1967, ya ambaci kalmar tunanin kwamfuta a littafinsa na 1980, amma ba ta bazu ba sai da Jeannette Wing, wadda a lokacin take jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, ta rubuta gajeriyar maƙala mai shafi 3 a watan Maris na 2006, tana kira da a ba kowane yaro wannan salon tunani kamar yadda ake ba shi karatu da rubutu da lissafi. Sunan da muke kiransa da shi, wato tunanin kwamfuta, yana iya ruɗar da mai karatu, domin ba ana nufin ɗan Adam ya riƙa tunani kamar na'ura ba ne. Abin nufi shi ne mutum ya iya ɗaukar matsala ya rarraba ta gunduwa-gunduwa, ya gane abin da ke maimaita kansa a cikinta, ya ajiye bayanan da ba su da tasiri ya riƙe masu tasiri, sannan ya jera matakan magance ta dalla-dalla, har abin da ba shi da hankali ko kaɗan zai iya bin su ya kai ga biyan buƙata.

A 2012 Karen Brennan da Mitchel Resnick, waɗanda suka daɗe suna nazarin yaran da ke amfani da Scratch, sun kasa wannan tunani gida uku, kuma kason nasu ya fi kowanne amfani ga mai son aunawa. Gida na farko shi ne ginshiƙan shiri, guda 7: jeranta umarni, maimaitawa, gudanar abubuwa biyu a lokaci ɗaya, aukuwar da ke tayar da aiki, sharaɗi, alamomin lissafi da kwatance, da ajiyar bayanai. Na biyu shi ne ɗabi'un aiki, irin su ginawa kaɗan-kaɗan ana gwadawa, farautar kuskure, gini a kan aikin wani, da tattara matakai masu yawa a ƙarƙashin suna guda. Na uku shi ne yadda mai koyo ke kallon kansa da duniyar na'urori da ke kewaye da shi. Duk wanda ya lura zai ga cewa gida na farko ne kaɗai ake iya gani a cikin fayil ɗin da aka miƙa. Ɗabi'un aiki suna faruwa ne a lokacin da ake aikin, idan an gama kuma ba su barin sawu. Su kuwa ne malamin aji ya fi buƙata.

Shirya kwamfuta da tubala ya ƙara wa wannan matsala zurfi, kuma ta hanyar alherinsa ne ya ƙara mata. Scratch, wanda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 don yara 'yan shekara 8 zuwa 16, da ƙaninsa ScratchJr na 2014 don 'yan shekara 5 zuwa 7, da Blockly na kamfanin Google wanda ya fito a 2012, duka sun kawar da wahalar rubuta umarni da hannu. Kowane umarni tubali ne mai launi da siffa, ana jansa a manna shi a jikin wani, kuma siffarsa ba ta barinsa ya shiga inda ba wurinsa ba. Tubalin sharaɗi mai kusurwa shida, alal misali, yana da ramin da aka yanka daidai da shi. Ba wanda zai kwana yana neman waƙafin da ya manta. Wannan babbar rahama ce ga mai koyo, sai dai ga mai aunawa tana nufin cewa shiri zai iya gudana ba tare da mai shi ya san dalilin gudanarsa ba. Wasu masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, Meerbaum-Salant da Armoni da Ben-Ari, sun bayyana a 2011 wasu halaye biyu da suka gani a wurin ɗalibai masu amfani da Scratch: jawo tubala barkatai a gwada har wani abu ya yi aiki, da kuma farfasa shiri zuwa ƙananan gutsattsari masu yawan gaske waɗanda ba su da haɗin ma'ana. Babba ma yana faɗawa cikin waɗannan halaye, musamman wanda ke sauri ya cika sharaɗin kwas. Ga kuma wani abu: duk aikin da aka wallafa a dandalin Scratch ana iya buɗe cikinsa a kwafa a yi gini a kansa, kuma da gangan aka tsara shi haka. Aron aikin wani halal ne a wannan duniyar, har ma ana ƙarfafa shi, amma hakan na nufin kyan aikin da aka miƙa ba ya nuna ko hannun wa ya yi shi.

Ma'aunin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne Dr. Scratch, wanda Jesús Moreno-León da Gregorio Robles na jami'ar Rey Juan Carlos ta Sifaniya suka gabatar a 2015. Ana ɗora masa aikin Scratch, cikin 'yan daƙiƙu ya duba tubalan da ke ciki ya ba da maki; a sigarsa ta 2015 fannoni 7 ne, kowanne daga 0 zuwa 3, jimla 21. A fannin tunani mai hujja, wanda ya yi amfani da tubalin "idan" yana samun 1, wanda ya yi amfani da "idan, in ba haka ba" yana samun 2, wanda ya haɗa sharuɗɗa da "da" ko "ko" yana samun 3. A fannin ajiyar bayanai, ma'aji mai riƙe ƙima guda yana kawo 2, jeri mai riƙe ƙima da yawa yana kawo 3. Yana kuma tona wasu miyagun halaye, kamar maimaita tubala iri ɗaya a wurare daban-daban, barin tubalan da ba za su taɓa gudana ba, ko barin 'yan wasan, wato siffofin da ke motsi a allo, da sunan da manhaja ta raɗa musu. Ba na raina wannan aiki. Malamin da ke da ɗalibai 200 ba zai iya buɗe aiki 200 ya ƙirga tubala ba, kuma ɗalibin da ya ga makinsa nan take yana samun ƙwarin gwiwar gwada abin da bai taɓa gwadawa ba.

Amma a duba abin da yake ƙirgawa. Yana ƙirga kasancewar tubali ne, ba ya duba ko wurin ya buƙace shi, ko an sa shi daidai, ko ma shirin ya yi abin da aka nufa da shi. A ɗauki ɗalibai biyu. Ɗaya ta haɗa gajeren labari mai motsi don 'yan aji biyu, ta tsara shi tsaf, kowane ɗan wasa yana magana a lokacinsa, ba tubali ɗaya da ya yi yawa. Labari ba ya buƙatar jeri, ba ya buƙatar haɗa sharuɗɗa, saboda haka makinta zai tsaya a ƙasa. Ɗayan kuma ya ji cewa jeri yana kawo 3, sai ya ƙirƙiri jeri ya cusa shi a wani lungu na wasansa, ya ƙara sharaɗin da bai canza komai ba, makinsa ya haura. Idan aka ce wane ne a cikinsu ya fi nuna iya ware abin da ke da tasiri daga wanda ba shi da shi, ni dai zan ce ta farkon ce, alhali ma'aunin ya ce na biyun ne. Waɗanda suka ƙera Dr. Scratch ba su taɓa cewa ya maye gurbin idon malami ba. Laifin na wanda ya mai da shi makin ƙarshen zango ne, domin da zarar ɗalibai sun gane abin da ake ƙirgawa, shi za su riƙa samarwa.

Hanya ta biyu ita ce jarrabawar zaɓi. Marcos Román-González, shi ma daga Sifaniya, ya tsara gwaji mai tambayoyi 28, inda ake nuna wa ɗalibi hoton hanya da 'yan tubala a ce ya zaɓi jerin da zai kai ɗan wasa inda ake so, ko ya gano matakin da ke da kuskure. Akwai kuma tambayoyin gasar Bebras, wadda Valentina Dagienė ta fara a Lituwaniya a 2004, waɗanda ke gwada irin wannan tunani ba tare da an taɓa wani harshen kwamfuta ba. Waɗannan gwaje-gwaje suna da wata falala da aikin ƙarshen zango ba shi da ita, wato suna tilasta wa mutum ya karanta shiri ya bi shi a zuciyarsa. Illarsu ita ce don yara aka yi su. Babban da ya gama sakandare zai iya cin mafi yawan tambayoyin da wayon da ya riga ya zo da shi, sai makin kowa ya taru a sama, a kasa bambance wanda ya ƙware da wanda bai ƙware ba, a kuma kasa ganin abin da kwas ɗin ya ƙara. Lokacin da Román-González da Moreno-León da Robles suka gwada waɗannan ma'aunai uku a kan ɗalibai, sun tarar cewa sakamakonsu ya dace da juna ne kawai ta wani ɓangare, suka ce kamata ya yi a haɗa su, kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa.

Hanya ta uku ba za ta ɗauke mu dogon lokaci ba. Ita ce takardar da mutum ke auna kansa da kansa, kamar ma'aunin da Korkmaz da abokan aikinsa suka wallafa a Turkiyya a 2017, mai jimloli 29 da mutum ke faɗin yadda kowacce ta dace da shi. Ana yawan amfani da irinta a kan masu koyon malanta saboda sauƙinta. Abin da take aunawa shi ne yarda da kai, kuma yarda da kai tana da muhimmanci, tun da malamin da ke tsoron darasi yakan tura shi ƙarshen mako har lokaci ya cinye shi. Kuskuren shi ne a rubuta sakamakonta a matsayin ƙwarewa. Wanda ya ji daɗin kwas zai ce ya iya ko da bai iya ba, wanda kuma ya fara gane zurfin rijiyar zai iya rage wa kansa maki daidai lokacin da ya fi ci gaba.

Duk waɗannan hanyoyi suna tambayar ko mutum ya iya, kuma sun manta cewa wannan mutumin malami ake so ya zama. Tun a 1986 Lee Shulman ya bambance sanin darasi da sanin yadda ake koyar da shi, ya ce a cikin na biyun akwai sanin abin da ke sa wani batu ya yi wa mai koyo wuya, da irin gurguwar fahimtar da yara ke zuwa da ita. A wannan shekarar dai Roy Pea ya bayyana tushen kurakuran masu fara koyon shiri, wato ɗaukar da suke yi, ba tare da sun ankara ba, cewa akwai wani mai hankali a ɓoye cikin na'ura da zai gane nufinsu. Wanda zai koyar da yara Scratch zai ci karo da wannan kullum, kuma ga yadda yake bayyana.

Yaro yana son kyanwarsa ta ce "Na kama ka!" duk lokacin da ta taɓa ɓera. Sai ya sa tubalin koriyar tuta, a ƙarƙashinsa ya manna "idan ana taɓa ɓera, to ka ce na kama ka". Ya danna tuta, ya kora kyanwa da maɓallan kibiya har ta hau kan ɓera, shiru. A idonsa babu kuskure, domin a maganar mutane idan uwa ta ce "idan an yi baƙo ka kira ni", umarnin yana nan a raye har baƙon ya zo. Kwamfuta kuwa ta duba sharaɗin sau ɗaya tak, a daidai lokacin da aka danna tuta, ta ga ba a taɓa ɓera ba, ta wuce, aikinta ya ƙare. Maganin ƙarami ne, a sa sharaɗin cikin tubalin "har abada" don a riƙa dubawa ba tsayawa. To, a miƙa wannan shirin ga masu koyon malanta uku a ga bambanci. Na farko zai danna tuta sau biyar, ya jujjuya tubala, ya goge ya sake, wataƙila ya dace. Na biyu zai ga kuskuren nan take, ya karɓi linzamin kwamfuta daga hannun yaro, ya jawo "har abada", ya ce ga shi nan ya yi. Ta uku za ta bar linzamin a hannun yaron ta ce, "Nuna mini da yatsanka inda kwamfuta take bayan ka danna tuta. Yanzu fa tana ina? Sau nawa ta yi wannan tambayar?" Idan aka ɗora aikin da ya fito daga hannun su ukun a kan Dr. Scratch, maki ɗaya za su samu. A aji kuwa tazarar da ke tsakaninsu ita ce dukan abin da ake biyan malami dominsa.

Kuma labarin bai ƙare a nan ba, domin gyaran yakan haifi nasa kuskuren. Yaron ya sa "har abada", ya ƙara tubalin da ke ƙara 1 a kan maki, sai ya ga taɓawa ɗaya ta kawo masa maki 20 ko fiye. Dalili shi ne Scratch yana sabunta allo kusan sau 30 a daƙiƙa, kuma muddin kyanwa na kan ɓera, sharaɗin gaskiya ne a kowane zagaye. Dole ko dai ɓeran ya yi tsalle zuwa wani wuri da zarar an taɓa shi, ko a sa shirin ya jira har sai sun rabu. Bayan wannan kuma zai danna tuta a karo na biyu ya tarar makin ya ci gaba daga inda ya tsaya, saboda ba a gaya wa ma'ajin ya koma 0 a farkon wasa ba. Waɗannan ramuka uku suna jere a kan hanya ɗaya, kusan duk yaron da ya haɗa wasan kamu sai ya bi ta kansu, kuma malamar da ta san suna nan za ta tsara darasinta ta yadda yaro zai faɗa ɗaya bayan ɗaya ya fita da kansa. Wadda ta kwafi wasanta daga bidiyo mataki-mataki ba ta taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, domin mai bidiyon ya riga ya cike su kafin ta iso.

Akwai wani misali da ya fi nuna inda lissafi da shiri suka haɗu, kuma tun zamanin Logo aka san shi. Wanda ya zana murabba'i da "maimaita sau 4, yi taku 100, juya digiri 90", idan aka ce ya zana alwatika mai gefe daidai, yakan sa sau 3 da digiri 60, saboda ya haddace cewa kowace kusurwar alwatika irin wannan 60 ce. Abin da zai fito rabin siffa mai gefe shida ne. Ɗan wasan yana juyawa ne da kusurwar waje, wato 120, domin duk wanda ya kewaye siffa ya dawo yana fuskantar inda ya fara, jimlar juyinsa 360 ce, a raba ta da yawan gefe. Mai koyon malantar da aka tambaya ya hango abin da 60 zai zana kafin ya danna, sannan ya bayyana dalilin 120, sannan ya gyara shirin ya zana siffa mai kowane adadin gefe da aka ba shi, ya nuna mana hasashe da hujja da gamewa a cikin minti goma. Ban san wani aikin ƙarshen zango da zai nuna wannan a fili haka ba.

Daga nan ake gane irin jarrabawar da ta dace. A ba ɗalibi shirin da wani yaro ya haɗa, ko wanda aka kwaikwayi hannun yaro wajen haɗa shi, a hana shi dannawa tukuna, ya rubuta abin da yake zaton zai faru; sannan ya danna, ya faɗi inda zatonsa ya saɓa; sannan ya faɗi abin da yaron ya ɗauka a ransa har ya rubuta haka, da tambayar farko da zai yi masa. Wannan tsari na fara da hasashe kafin gudanarwa shi ne ginshiƙin salon koyarwar PRIMM da Sue Sentance da abokan aikinta suka gabatar a Ingila, kuma abin da ya yi kyau wajen koyarwa a nan ya yi kyau wajen aunawa. Za a iya ƙara irin tambayoyin da Dale Parsons da Patricia Haden suka ɓullo da su a 2006, inda ake ba da dukan tubalan da ake buƙata a hargitse a ce a jera su. Suna da sauƙin dubawa, kuma ba su barin mutum ya ɓuya a bayan ado. Aikin ƙarshen zango ma ba sai an jefar da shi ba. A zaunar da mai shi na 'yan mintuna, kamar yadda Brennan da Resnick suka yi da yaran da suka yi nazari a kansu, a nuna wani gungun tubala a ce me wannan yake yi, me zai faru idan an cire shi, sannan a ce ya ƙara ɓera na biyu mai rage maki, yanzu, a gaban mai dubawa. Wanda ya gina abinsa ya san inda zai sa hannu. Wanda ya aro zai tsaya yana kallon allo kamar baƙo a gidan da aka ce nasa ne.

Ba zan ɓoye tsadar wannan hanya ba. Hirar minti 15 da ɗalibai 100 awa 25 ce, ban da shiri da rubuta sakamako, kuma malamai biyu za su iya saurarar amsa ɗaya su ba ta maki daban. Dole a rubuta ma'auni a fili, a ajiye samfurin amsa mai ƙarfi da matsakaiciya da mai rauni, a riƙa duba wani kaso na takardu sau biyu don a ga ko masu dubawa sun daidaita. Akwai kuma batun adalci. Wani ya shigo kwas ɗin ya riga ya yi shekaru yana wasa da kwamfuta, wata kuma hannunta bai saba da linzami ba, idan aka sa agogo mai tsanani za a auna saurin yatsa ne a kira shi tunani. Wanda tubalan ba a harshensa suke ba yana ɗauke da kaya biyu. Gwaji kafin kwas da bayansa yana taimakawa wajen ganin ci gaban kowa daga inda ya taso, da sharaɗin kada a maimaita tambayoyi iri ɗaya sak, don kada tuna amsa ya yi kama da koyo. Sannan a yi hattara da faɗaɗa da'awa. Tun a 1984 Pea da Midian Kurland suka ja kunne cewa babu isasshiyar shaida da ke nuna koyon shirya kwamfuta yana ƙara wa mutum iya magance matsala a wasu fannoni haka kawai. Idan ana son a san ko mai koyon malanta zai iya kai wannan tunani cikin darasin lissafi ko na harshe, sai a ba shi wannan aikin kai tsaye, a ce ya tsara darasin raba dogon lissafi ko na jeranta labari ta yadda yara za su rubuta matakai wani ya bi su kalma da kalma.

Wurin da shaida ta fi ƙarfi shi ne lokacin gwajin koyarwa a makaranta, kuma shi ne wurin da aka fi sakaci da shi. Mai duba ɗalibi yakan zo da takarda mai layukan da aka saba, shirin darasi da sarrafa aji da amfani da allo da kiyaye lokaci, kuma sau da yawa shi kansa bai taɓa haɗa tubali biyu ba, saboda haka idan ya ga yara suna murna kyanwoyi suna yawo a allo sai ya rubuta darasi ya yi kyau. Ba sai ya zama gwanin Scratch ba kafin ya ga abin da ya kamata ya gani, muddin an gaya masa inda zai sa ido. Ya lura ko an tambayi yara abin da suke zato kafin a danna tuta. Ya lura da abin da malamar ta yi sa'ad da shirin da take nunawa a gaban aji ya ƙi aiki, ko ta rufe shi da sauri ta buɗe wanda ta ajiye, ko ta ce wa yara su taya ta nema. Sannan duk lokacin da wani yaro ya ɗaga hannu ya ce tasa ta ƙi, ya matsa kusa ya rubuta abu biyu a takardarsa: kalmar farko da malamar ta faɗa, da kuma hannun da ke kan linzami sa'ad da aka yi gyaran.